Littafin da Gwaggo Ta Wanke

Ranar da rana ta leƙo bayan kwana shida ana zuba ruwa, matan unguwar Ajame duk suka fito da kayansu shanya. Wanda ya taɓa zama Abijan ya san halin daminarta: ka rufe akwati wata guda, ka buɗe ka tarar zanenka ya yi funfuna. Shi ya sa Gwaggo Tsahara ba ta jira kowa ba, ta jawo akwatin Zalihatu tsakar gida, mai akwatin kuwa tana kasuwa sayen kuɓewa.

Tsahara yayar Nomau ce, dillalin shanun nan da babu mahaucin da bai san shi ba a kara. Ita ta riƙe Zalihatu, 'yar Nomau, tun uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe, kuma irin riƙon nan ne da ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya sauka a jikin yarinyar. Ba muguwa ba ce, wannan kam in faɗa tun yanzu. Aibinta guda: ba ta san ko bihim ba, amma ba a haifi wanda zai ce mata akwai abin da ba ta gane ba.

Tana ɗaga zane na ƙarshe sai ga gafaka a kwance, ta yi ƙiba. Ta kwance igiyar. Takardu ne sun fi ɗari biyu, wasu bayan tsofaffin takardun jirgin ƙasa, wasu an yanko su daga buhun siminti an goge, duk cike da baƙaƙen larabci. Nan da can kalma guda ce ake rubutawa da jar tawada. A saman duka kuma ga wata takarda da aka ja wa layi gida-gida, kowane gida da suna da lamba a ciki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nomau! Hito ka ga abin da anka binne muna cikin gida!"

Nomau ya fito yana gyara hula. Ya ɗan taɓa karatun allo yana yaro, yana iya haɗa baƙi in an ba shi lokaci. Ya ɗora yatsa kan jar kalmar, leɓensa na motsi, sai fuskarsa ta canza. Zalihatu. Ya juya takarda: Zalihatu. Ya ƙirga har arba'in ya gaji. Da ya dubi mai gida-gidan kuwa, ya ga sunan 'yarsa a tsakiya, sai ya juyo wurin yayarsa.

"Hatimi ne, Yaya," ya ce a hankali. "Yaron ga ya gama da mu."

To, bari in gaya muku abin da takardun suke, tun da su ba su tsaya tambaya ba.

Mika'ilu, saurayin da aka sa wa rana da Zalihatu bayan azumi, mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a unguwar Tireshbil, ƙetaren ruwa. Teburinsa na gindin wani mangwaro kusa da masallaci: wasiƙar gida ya rubuta da ajami, ta buro, wato ofishin Nasara, ya rubuta da Faransanci, don ya yi shekara uku a lakwal, makarantar boko. Amma abin da ke cin ransa daban ne. Labaran zamanin da yake rubutawa, na soyayya da tafiya da yaƙi, yana tatsar tsofaffin masallaci suna ba shi sunayen garuruwa da al'adun da. Guda uku yake da su. Na ɗaya ya kammala bayan shekara biyu cur: labarin 'yar wani madugu a hanyar Gwanja, lokacin da ake ɗauko goro bisa jakuna, da wani ɗan dako da ya so ta. Na biyu, labarin wata marina a garin da aka kewaye da yaƙi, ya kai rabi ya cije, wata huɗu bai ƙara layi ba. Na uku kuwa shafi guda ne da jerin sunaye, shi kansa bai san inda ya dosa ba.

Takardar gida-gidan ba komai ba ce illa tsarin aikinsa: kowane gida zango ne da ayari zai sauka, da sunan wanda abu zai faru da shi a wurin. Jar tawadar kuwa ƙuruciya ce zalla. Ya sa wa 'yar madugu sunan Zalihatu, ya ga baƙar tawada ba ta isa sunan ba. Shekarar 1943 ce, yaƙin Nasara ya sa takarda ta fi sukari wuya, don haka kwafi ɗaya tak ke akwai a duniya. Ya ba Zalihatu ne don ta iya ajami kuma ba ta raga masa. Ita ce mai cewa, "Mika'ilu, mace ba ta magana haka, sake."

Nomau dama bai taɓa gane abin da 'yarsa ta gani a jikin namijin da bai iya kama ƙahon maraƙi ba. Ya amince ne don ta nace. Yau ga shi ya sami amsa, kuma amsar ta yi masa daidai.

Zalihatu na shigowa ta ga gafakar a hannun mahaifinta, kuɓewar ta zube.

"Zo nan!" Nomau ya daka mata tsawa. "Mi ne ne wanga?"

"Baba, labari ne. Littafin Mika'ilu ne, istuwar ce kawai ta fatake—"

"Ka ji ta!" Tsahara ta tafa hannu. "Har da yaren Nasara! Ke, labari ne da sunanki ɗari da jini-jini? Labari ne da hatimi?"

"Wallahi, Gwaggo, ba hatimi ba ne. Ku ba ni shafi guda in karanta muku, guda kawai, ku ji da kunnenku."

Ta miƙa hannu, Tsahara ta buge shi, ta toshe mata baki da tafinta.

"A karanta asiri da ƙarfi cikin gida? Don ya kama mu duka? Ba ke ce ke magana ba, ɗiyar nan, abin da anka zuba miki ne ke magana!"

Nan fa Zalihatu ta gane ramin da ta faɗa. In ta yi kuka, asiri ne. In ta rantse, asiri ne. In ta ce tana son sa, ai shi ke nan an kama shaida. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar mahaifinta.

"To Baba, ku kai wa malami ya duba. Kowane malami kuka yarda da shi."

"In kai, gobe duk kara a ji an yi wa ɗiyar Nomau rubutu? In zama abin dariya gun mahauta?" Ya fizge ƙafarsa. "Yaya, kawo wuta."

Har Tsahara ta nufi murhu, Nomau ya sake duban shafin farko ya ga bisimilla a kai, ya dakata. Musulmi ba ya jefa sunan Allah cikin murhun tuwo, kowa ya san wannan. Suka yi tsaye cirko-cirko. Tsahara ce ta samo dabara, kuma har ƙarshen rayuwarta ba ta daina da na sanin dabarar ba.

"Ai rubutu wanke shi a kai. A wanke a binne ruwan, ya karye."

Aka tura Zalihatu ɗaki aka sa sakata ta waje. Tsahara ta cika daro da ruwa, ta yi bisimilla, ta tsoma ta farko. Tawadar Mika'ilu irin ta allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, ruwa na taɓa ta sai ta saki. Daga ɗaki Zalihatu na jin motsin ruwan tana dukan ƙofa.

"Gwaggo, shekara biyu ne! Babu wani, shi ke nan! Gwaggo, don darajar uwata!"

Tsahara na hawaye tana cuɗawa, don a ganinta ranta take fansa wa 'yarta. Kafin azahar ruwan ya koma baƙi ƙirin. Aka haƙa rami a gindin katanga inda ba a takawa, aka zuba, aka rufe.

Kashegari da hantsi Nomau ya ɗauki mahauta biyu, suka sauka Filato, unguwar Nasara, suka haye gadar nan da Nasara suka shimfiɗa bisa ruwa, mai rawa in mota ta hau. Mika'ilu na tsakiyar rubuta wa wani mai goro wasiƙa ya hango su. Ya tashi da sauri ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Kada ka ƙara ce mini Baba, mushe." Mahautan suka dire akwatin kayan sa rana a gabansa. Nomau ya jefa gafakar bisa tebur, ta faɗi tim da nauyin ruwa. "Ga kayanka. Ga aikinka kuma, mun karya shi."

Mika'ilu ya buɗe. Dunƙulen takarda ne jiƙaƙƙe, launin toka, babu baƙi ko guda da ya rage. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi Nomau.

"Duka, Baba?"

"Duka. Har hatimin."

"Wane hatimi?" Sai ya gane, ya dafe kai. "Wayyo Allah! Zango ne, Baba, zangon ayari! Tsarin labarin ne na ja don kada in ɓata!"

Mutane sun fara taruwa, masu goro da 'yan dako da masu fitowa daga walaha. Nomau ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"To. Na ji zango. Gaya wa jama'ar Annabi, mi ya sa sunan ɗiyata ya hito sau ɗari da jar tawada?"

Mika'ilu ya buɗe baki ya rufe. Yaya ɗan mutunci zai dubi surukinsa a bainar jama'a ya ce don ina son 'yarka ne? Kunya ta ɗaure masa harshe, ya sunkuyar da kai. Shirun nan shi ya kashe shi. Jama'a suka hau salati.

"Kun gani!" in ji Nomau. "Mai gaskiya ba ya rasa baki."

Malam Kalla, tsohon da ke karantarwa a zauren masallacin, ya ratso taron da sandarsa.

"Nomau, sannu-sannu. Yaron ga ni na koya mai baƙi. Akwai sauran takardunsa, zauna in karanta maka ka ji."

"Allah gafarta Malam, ashe kai ka koya mai! To ina riƙe da girmanka, amma malami ba ya tona ɗalibinsa. Ba ni ji, ba ni gani. Ɗiyata dai ya manta da ita, in kuma na ga ƙafarsa a Ajame, ya san sana'ar mutanen da ke bayana."

Ya juya ya tafi. Wani matashi ma'aikacin buro ya matso yana huci.

"Mika'ilu, wannan ɓarna ce! Tashi mu tafi kamisariya wurin 'yan sanda, kana jin Faransanci, yau sai ya kwana a can!"

Idon Mika'ilu ya kaɗa ya yi ja, don ba zan ɓoye muku ba, zuciyarsa ta so hakan. Amma ya girgiza kai.

"Ni in kai mahaifin Zalihatu gaban Nasara? Ko hannuna ya yanke ba zan yi ba."

Bayan haka duniya ta yi masa zafi. Magana ta bazu cewa mai wasiƙar gindin mangwaro yana aiki da sunan mata, wa zai ƙara zuwa ya faɗa masa sunan matarsa ta gida? Teburinsa ya bushe. In ya wuce, mata su ja 'ya'yansu. Ya ɗaure labarin marina da ɗan shafin na uku ya kai wa Malam Kalla ajiya, ya ce shi ya gama da alƙalami. Tsohon ya karɓa ya ce, "Ajiya na karɓa, ba gado ba. Yi haƙuri, ɗana, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

A Ajame kuwa an hana Zalihatu ko leƙa ƙofa. Kullum hayaƙi, kullum jiƙo mai ɗaci, ta sha ba musu. Ta daina gardama, ta daina dariya, ta rame har awarwaronta na zamewa. Ba ta taɓa ɗaga wa Tsahara murya ba, amma ba ta taɓa cewa ta daina son Mika'ilu ba, abin da ya sa ake ƙara mata jiƙon.

Wata bakwai... a'a, in yi gaskiya, mako bakwai aka yi haka, ko da yake a wurinta daidai yake da wata bakwai. Ran nan bayan la'asar ruwa ya tsare matan gidan a rumfa suna ɓarar gyaɗa, kowa ya yi jugum. Wata maƙwabciya ta ce, "Zalihatu, wannan shirun naki ya ishe mu, faɗi wani abu mana." Wasu sun ce dabara ta shirya. Ni dai na fi zaton kewa ce ta yi mata yawa. Ta buɗe baki ta ce, "An yi wani madugu da ya tashi da jakuna ɗari uku zai tafi Gwanja, da 'yarsa guda da ya rasa wanda zai bar wa…"

"Ba a tatsuniya da rana," Tsahara ta katse ta.

"Ba tatsuniya ba ce, Gwaggo, labarin fatake ne."

Tsahara ta taɓe baki ta ci gaba da ɓara. Amma mahaifinta da na Nomau bafatake ne, a hanyar nan ta Gwanja ya rasu tana 'yar shekara tara, ko kabarinsa ba ta sani ba. Da Zalihatu ta fara lissafa zangon da ayari ya sauka, sunayen da Tsahara ta yi shekara hamsin ba ta ji ba, sai hannun tsohuwar ya tsaya.

"Ba haka ba ne," ta ce can. "Jagaba shi ka shiga gaba, ba madugu ba."

"Haka na ce, Gwaggo."

"To ci gaba mana, kin tsaya kallona!"

Kwana goma sha ɗaya ana wannan zama. Zalihatu ta karanta littafin ya fi sau biyar, ta riƙe shi kamar karatun allo, sai dai 'yar madugu ta sake mata suna. Tsahara ce mai fara shimfiɗa tabarma. Ta tsine wa ɗan'uwan madugu mai hassada, ta yi kuka ranar da aka binne wani tsohon bafatake a gindin tsamiya ayari ya wuce ya bar shi, ta ce ɗan dakon nan ɗan halak ne, da ita ce madugu da tuni ta ba shi. A rana ta goma sha ɗaya ayari ya iso babban kogi, 'yar madugu ta riga ta haye, kwalekwalen da ɗan dako ke ciki ya kife a tsakiyar ruwa. Nan Zalihatu ta tsaya.

"Sai me?" in ji matan.

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?" Tsahara ta zaburo. "Ya nutse ko bai nutse ba?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Shafi goma na ƙarshe sun zo mini kwana biyu kafin ki buɗe akwati. Na ajiye su sai Juma'a in karanta a natse." Ta ɗago ido, hawaye na zuba. "Suna gindin katangar can tare da sauran."

Tsahara ta dubi katangar, ta dubi hannuwanta, sai ta miƙe a fusace ta yi fatali da kwandon gyaɗar.

"Munafuka! Ashe asirin kinka zuba mini ta kunne!"

Ta shige ɗaki. Kwana uku ba ta yi wa Zalihatu magana ba, ta ƙona tuwo sau biyu, ta yi faɗa da mai ruwa ba gaira ba dalili. Tana jiran ta ji alamar asiri a jikinta, ba ta ji komai ba sai tunanin mahaifinta da na wani ɗan dako da ba a taɓa haifa ba. A rana ta huɗu ta yafa mayafi. Matar da ta yi shekara goma tana rantsuwa ba za ta taka gadar da ke rawa ba, ta haye ta tana salati tun daga wannan gaɓa har waccan.

Ta sami Mika'ilu a zauren Malam Kalla, ya rame shi ma. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Kai! Ya nutse ko bai nutse ba?"

Mika'ilu ya dube ta, ya dubi Malam, sai ya fahimci abin da ya faru, idonsa ya cika.

"Gwaggo, ki yi mini pardon. Ba zan faɗa ba sai a gidan da aka wanke shi, a gaban Baba, mai sunan kuma tana ji."

"Ni kake ja wa rai?"

"A'a, Gwaggo. Sunana nake nema a wanke, kamar yadda aka wanke littafina."

Ta yi kamar ta zage shi, bakin ya ƙi. Malam Kalla ya jawo takardar tsarin labarin marina, ita ma gida-gida, ya bi da ita ɗaya bayan ɗaya: nan ƙofar gari, nan karofi, nan ranar da rijiya ta ƙafe. Tsahara ta zauna daɓas a kan buzu.

"Wagga ce irin wadda na wanke?"

"Ita ce," in ji Malam.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kowa ya kawar da kai har ta gama.

Da Nomau ya dawo daga kara ranar ya tarar da Mika'ilu da Malam Kalla a zaurensa, sai ya daka tsalle.

"Wa ya shigo mini da wanga? Ban ce—"

"Ni na shigo da shi," Tsahara ta faɗa daga bakin ƙofa. "Zauna, Nomau. Ni na goya ka, ni na kai ka kaciya, yau kuma ni na ce ka zauna. Mun ɗauki alhaki, ni da kai, nawa ya hi naka."

"Ke ma ya kama ki, Yaya!"

"To in ya kama ni, kai da ka iya baƙi karanta da kanka. Kada kowa ya karanta maka."

Ta ɗauki shafin farko na labarin marina ta danƙa masa. Ya riƙe shi nesa da jiki kamar garwashi. Amma idon jama'a na kansa, kuma Nomau ba ya son a ce ya ji tsoro. Ya ɗora yatsa ya fara haɗa baƙi, yana tuntuɓe yana komawa. Rabin shafi ya ɗauke shi lokacin da za a feɗe akuya. Ba sunan aljani, ba ɗalasimai. Wata mata ce ke faɗa da maƙwabcinta don akuyarsa ta faɗa mata cikin baba ta fito shuɗiya. Nomau ya kai wurin, gemunsa ya motsa, ya yi tari don ya ɓoye abin da ya taso masa. Ya sake karantawa. Sannan ya ajiye takardar a hankali bisa gwiwarsa, bai dubi kowa ba.

"Wanda munka wanke… duk irin wanga ne?"

"Ya fi shi, Baba," in ji Mika'ilu. "Shi na gama."

Sai Mika'ilu ya ba da ƙarshen labarin, Zalihatu da matan gida na saurare ta bayan asabari: ɗan dako bai nutse ba, wutsiyar jakin madugu ya kama ta fid da shi, ya fito kuma riƙe da buhun da madugu ya ba shi amana. Tsahara ta rangaɗa guɗa tana share hawaye. Nomau kaɗai bai motsa ba. Mutum ne da bai taɓa ba kowa haƙuri ba tun da ya yi gemu.

"Na tozarta ka gaban masallaci," ya ce daga bisani. "Gaban masallacin zan koma ran Juma'a in hwaɗi abin da na gani da idona. Wannan nawa ne. Amma littahin… mi za a yi ya dawo?"

"Ba zai dawo yadda yake ba, Baba. Ni kaina rabi ya ɓace mini. Sai dai in sake shekara biyu, in kuma sami wanda ya riƙe shi a ka."

Nomau ya juya ya dubi asabarin, inda yatsun ƙafar 'yarsa ke leƙowa ta ƙasa.

"Shekara biyu ba ni da su da zan ba ka," ya ce. "Wadda ta riƙe shi a ka kuwa tana gidana. Bayan azumi ka zo ka ɗauka."

Ya cika alkawari. Ran Juma'a ya tsaya a ƙofar masallacin Tireshbil, dillalin da ba ya sunkuya wa kowa, ya ce ya yi zato ya yi zalunci, a shaida. Aka ɗaura aure kwana bakwai bayan Sallah. Littafin kuwa sun sake shi su biyu, ita tana faɗa yana rubutawa, suna gardama kan kowane zango. Har ya tsufa Mika'ilu na cewa akwai shafuka a na farkon da bai ƙara samun irinsu ba, kuma gaskiya ya faɗa.

'Yan'uwa, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in ya zama ƙarya. Tsahara da Nomau ba ƙiyayya ce ta sa su ɓarna ba, so ne da aka haɗa da tsoro aka hana shi tambaya. Mika'ilu ya haɗiye fushinsa ranar da kowa ya ba shi gaskiyar ramawa, Zalihatu ta sha ɗaci ba ta zagi wadda ta raine ta ba, Allah kuwa bai bar haƙurinsu ya faɗi ƙasa ba. In ka tsinci abin da ba ka gane ba a hannun ɗanka, zauna ka ce ya karanta maka tukuna. Yafiya tana mayar da zumunci, amma ba ta mayar da tawadar da ta riga ta bi ruwa.